Maganar karatun ɗan farina

Da sunan Allah nike buɗe wasiƙar ga zuwa ga Yaya Haliru, can Kumasi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa ta iske ka lafiya da kai da iyali, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan Malanbil lafiya lau. Kaka ta ji sauƙin tari, shinkafar da anka shuka a ƙauyen Garu kuma ta yi kyau bana. Ƙanwata Husaina ke rubuta mini da boko, ni ina faɗa.

Yaya, ranar da ka bugo waya gidan Kaka, ka ce yaron nan, tunda ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, a kai shi Kwatano ya koyi aikin fidda kaya a duwan, wato kwastan, ina zaune. Anka ce uwa tai ta yarda tunda ba ta ce komi ba. Ban yarda ba. Ɗan farina ne. Tun haihuwa tai ban kira sunan shi ba, ban tsaya mishi gaban mutane ba, haka anka tarbiyyantar da mu. Kunya ta rufe mini baki, ba amincewa ba.

Shi ma ya san ba ni tambayar shi, sai ya zauna tsakar gida yana yi ma Husaina bayani da ƙarfi, ni ina tsintar shinkafa kamar ba ni ji. Ya ce lissafi yake so a jami'a, kuma hanyar ba guda ba ce. Akwai wadda ke kai mutum ga karantarwa, akwai ta ƙididdigar jama'a da amfanin gona, akwai wadda ke haɗuwa da na'ura. Shi tsantsar lissafin yake so, shekara uku ya samu lisans, digirin farko ke nan, sannan ya ga inda Allah ya nufa. Husaina ta tsokane shi, ta ce to wa zai ci tsantsar lissafi da miya. Ya yi dariya. Har tsakuwa na bari cikin shinkafa ranar.

Ban yi gaggawa ba. Na tafi wurin Malam Latifu na tambaya ko wanga lissafi irin hisabin masu duba ne, ya ce ba su haɗa hanya ba. Na sake tambaya, tsakanin kunyar ɗan fari da amanar maraya, wace Allah zai tambaye ni. Ya ce ai na san amsa, tunda ni ma na karanta littattafan addini.

Don haka, Yaya, da girmanka da komi, ba ya zuwa duwan. Ƙanenka marigayi, mijina, ya bar mini shi, kuma ba ni iya tsayuwa gaban Allah in ce na ji kunya. In ka sa albarka, mun gode. In ka yi fushi, ni za ka yi ma, ba shi ba. Bayan kasuwar makon ga zai shiga mota zuwa jami'a, kuma ni da ƙafata zan raka shi tasha, mata su faɗi abin da sunka ga dama.

A gaida Hajiya Munawwara, da Atiku, da Ruƙayyatu da jinjirinta. Allah ya bar zumunci.

Husaina ta aje biro ta ce ba ta rubuta layin ƙarshe sai ta ji shi daga bakina. To, na faɗa.

Ni ce ƙanwarka,
Ummul-Khairi, uwar Abdurazak.