Rani Ya Yi Tsawo

Juma'a, 3 ga Mayu 1985

Ya dawo. Idrisa. A nan kaɗai nake iya faɗin sunansa, a baki kuwa Baban Maryama ne. Sojojin Najeriya sun ce baƙi su fita, shi ne suka biyo hanyar daji da ƙafa don iyaka a rufe take. Ya rame, wuyansa duk jijiya. Maryama ta ɓoye a bayan zanena, sai da ya fito da alewa ta yarda ubanta ne.

Tun da geron bara ya ƙone a tsaye ya tafi Ikko. Na yi masa tuwon jar dawar taimako, ya ci. Da can ranar dawowarsa sai na yanka zakara.

Lahadi, 5 ga Mayu

Na yi lalle. Gwaggo Shekara, ƙanwar babana, ta gani ta yi dariya, ta ce amarya ta dawo.

Alhamis, 9 ga Mayu

Akwai abin da ban gane ba. Bayan mun kwanta ruwa yakan fito, wannan na sani tun ina amarya, fari ne, in na yi wanka shi ke nan. Na yanzu daban. Ruwan ɗorawa-ɗorawa, da kauri, yana ɓata zane, kuma da wari. Fitsari da raɗaɗi. Na ce ko zafin gari ne. Ga ruwa ya yi wuya, rijiyar unguwa sai an jira ta tara, tulu guda muke rabawa sha da girki da tsarki.

Asabar, 11 ga Mayu

Bai tsaya ba. Alwala nake sakewa ina sakewa, ban san ko sallata na karɓuwa ba.

Yau Inna ta faɗo mini a rai, Allah ya ji ƙanta. Satin bikina a Dungu ta ja ni bayan rumbu, ta ce mace kamar fadama take, ba ta rasa damshi, kada in tsorata in na ga fari. "Amma in ya sake launi ko ya yi wari, kada ki zauna da shi." Na rufe fuska da mayafi don kunya, ta dungure mini kai. Shekarar nan gyaɗa ta yi har aka rasa buhu. Muka ci rake har leɓe ya tsage. Idrisa ya zo zance a kan sabon keke, ya faɗa kwalbati yana kallona. Wa zan tambaya yanzu?

Lahadi, 12 ga Mayu

Na gaya wa Gwaggo, rabi-rabi. Ta ce sanyi ne, na kama shi wajen zama a ƙasa mai laima. Ina laima a Matameye bana? Ta dafa mini bagaruwa in zauna a ciki. Ta ce kada in kuskura maigida ya ji, namiji ba ya son mace mai ƙorafi.

Talata, 14 ga Mayu

Bagaruwa ta rage warin kwana ɗaya, ya dawo. Yanzu mara ta fara ciwo, can ƙasa, gefen hagu.

Da hantsi na ga Baban Maryama ya fito daga bayan gida yana cije leɓe, ya daɗe a tsaye dafe da zana. Ina share ɗaki na tsinci kafso ja da baƙi a aljihun rigarsa, irin na 'yan talla a tasha. Na mayar yadda na same su.

Alhamis, 16 ga Mayu

Na je likita. Na ce wa mutanen gida layin dawar taimako zan bi, kuma na bi ɗin, sojoji na tsaye da bulala, matan Buzaye da suka sauko daga arewa zaune da yara ba mai kuka. Daga nan na zarce.

Ungozomar likita sunanta Madam Jamilatu, 'yar Damagaram. Na kasa magana, sai ita ta riƙa tambaya. Wane launi? Da wari? Da ƙaiƙayi? Yaushe ya fara? Maigida ya yi tafiya? Ta duba ni a bayan labule. Na kalli rufin kwano ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ta ce fari ko mai kama da ruwan ƙwai, marar wari, lafiya ne, jiki ne ke wanke kansa, kuma bayan kwanciya abin namiji ma yakan biyo ya fito. Ta ce wani lokaci ƙaiƙayi da fari mai gudaji kan zo wa mace ba laifin kowa, har budurwa. Kuma in daina cusa sabulu ko jiƙo a ciki, waje kawai ake wankewa. "Amma naki, Hajara, irin wanda ake ɗauka ne wajen kwanciya. In aka bar shi yana hawa sama ya toshe hanyar haihuwa."

Maryama ta kai shiga lakwal, makarantar boko, ban sake ko ɓatan wata ba. Na tambaye ta ko ya riga ya toshe. Ta ce Allah ne masani, amma na zo da wuri.

Ta yi mini allura, ta rubuta ƙwayoyi. Ta ce dole shi ma a yi masa, in ba haka ba zai sake ba ni, kuma kada mu kusanci juna sai mun gama mu biyu. Na ce Madam, da wane baki? Ta ce da wanda kika gaya mini.

Juma'a, 17 ga Mayu

Ban faɗa ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Na faɗa. Bayan la'asar, yana gyaran ƙotar hauya a gindin itacen bedi, Maryama ta tafi maƙwabta. Na durƙusa kamar zan ba shi ruwa. Na ce, "Maigida, na je likita. Sun ce ciwon namu ne mu biyu."

Bai ɗago ba. Ya ce wa ya ba ni izini. Na ce ba kowa. Ya ce wato na kai shi gaban mata an yi shari'arsa. Na ce ban kai sunan kowa ba, marata na kai. Na ce ina son in sake goyo kafin in tsufa, kuma na ga kafson.

Ya ci gaba da gyaran hauyar har na zaci ya gama da ni. Can ya ce, "Rani ya yi tsawo, Hajara."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ban tambayi ko wace ce ba. Me zan yi da sunanta?

Talata, 21 ga Mayu

An ɗauki azumi. Bana ba mu sha wuyar sabawa ba, tun kaka muke yi.

Jiya ya taɓa kafaɗata, na ce sai ya je. Ni da kaina. Shekarun nan duka ban taɓa ce masa a'a ba, ko a kan gishiri. Ya ɗauki tabarma ya fita zaure.

Asabar, 25 ga Mayu

Ba ya yi mini magana sai ta bakin yarinya. Ki ce wa uwarki ta kawo buta.

Na tuna daminar farko, gonarmu ta hanyar Tsauni, ruwa ya tare mu muka fake a bukka guda, ya cire rigarsa ya rufa mini, shi yana karkarwa yana cewa ba ya jin sanyi. Mutumin nan ne kuwa. Shi ne ke zaure yanzu.

Laraba, 29 ga Mayu

Ya tafi Kance da sassafe, wai duba wani ɗan'uwa. Ya dawo yana ɗingishi, ya zauna da gefe ɗaya. Ya ajiye takardar magani a kan faifai inda zan gani. Ashe kunyar mai allurar garinmu yake ji, tare suka yi makarantar allo, shi ya sa ya kai kansa can. Na dama masa kunun shan ruwa da ɗan sukarin da na ɓoye. Ya ce, "Sannu." Na ce, "Yauwa."

Litinin, 10 ga Yuni

Na koma wajen Madam. Mara ta lafa, zane tsaf. Ta ce haihuwa kuma sai mu jira mu gani. Gwaggo na ta yabon bagaruwarta, na bar ta.

Alhamis, 20 ga Yuni

Sallah. Tsohon zane, ba nama. Ya dawo ɗaki.

Lahadi, 14 ga Yuli

An yi ruwa sosai, gero ya tsiro, har kwaɗi sun dawo. Muna hutawa a bakin gona ya ce in an buɗe hanya bayan kaka zai sake fita, wannan karon Kano, ko bana ta yi kyau bakin da za a ciyar da yawa. Na ce Allah ya kai mu. Na ce amma ranar da ya dawo, likita tukuna, sannan ɗakina.

Ya yi dariya. Ya dube ni ya ga ban yi ba. Ya ce, "To."

A hanya ya karɓi ƙwaryar abinci daga kaina ya riƙe, abin da bai taɓa yi ba, mutane na kallo. Na gode masa. Na jira in ji daɗin nan ya cika mini ƙirji, bai zo ba. Ba fushi nake ba, wallahi. Ina ga gajiyar noma ce.