Agogon da ke Bin Lokacinki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar nan taki da ke kumbura idan kin daɗe a tsaye? Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma rage miki taurin kan da ke hana ki zama. Ɗana an yi masa canjin wurin aiki zuwa gari mai nisa, matarsa kuma ta kusa haihuwa, Allah ya raba lafiya. Shago yana nan yadda kika san shi, da teburin Baba, da gilashinsa na ido ɗaya, da agogunan da masu su suka kawo gyara suka manta da su.

Na saba in rubuta miki lafiya lau in rufe takarda. Yau ba zan yi haka ba. Auta, ba ni da lafiya, ko da yake babu inda ke mini ciwo. Tun rasuwar matata, Antinki, shekara biyu ke nan, gidan ya yi mini girma. Sai in haɗa shayi in manta da shi har ya huce. Bel ɗina sai da na ƙara masa huji biyu. Kin san ba abin da nake so kamar in buɗe bayan agogo in ga cikinsa yana motsi, to shi ma ya fita daga raina. Sai in zauna da sukudireba a hannu har azahar ban kwance komai ba. Mutane kuma yanzu a waya suke duba lokaci, sai a wuni ba wanda ya leƙo. Ko a masallaci hannu kawai nake miƙawa in fice. Wata Talata na je sayen burodi, na buɗe baki zan yi sallama, sai wani ƙara ya fito kamar na ƙofar da ta yi tsatsa. A hanyar komawa na ƙirga, kwana shida ke nan ban yi wa ɗan'adam magana ba. Na ji tsoro ƙwarai.

Washegari na je asibiti. Likitar ta auna jini, ta auna suga, ta ce duk sun fi nata kyau. Sai ta ajiye biro ta tambaye ni yaushe rabon da in yi hira da wani har ta wuce minti biyar. Na bugi ƙirji na ce ai ina da ƙanwa wadda ba ma ɓoye wa juna komai. Ta ce to yaushe muka yi magana. Na fara ƙirgen watanni da yatsu, da na kai bakwai sai kunya ta sa na sauke hannun. Ta ce abin da ke damuna ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani ba, kuma ana warkewa. Ta ce in riƙa tafiyar ƙafa kowace safiya, in ci abinci sau uku ko ba na so, in dawo bayan mako biyu, sannan in nemi wanda ya san ni tun ina yaro in riƙa yi masa surutu. Tafiyar ina yi, har mai sayar da jarida ya fara ɗaga mini hannu. Abincin ma ina turawa. Na ƙarshen ne ya gagare ni.

Kin tuna agogon katako na Baba da ke saman ƙofar shago? Tun ranar da kika tafi ƙasar waje na mayar da shi baya da awa biyar, yana bin lokacinku. Duk wanda ya shigo sai ya yi mini tsiya, wai mai gyaran agogo ga nasa yana ƙarya. Na yi haka ne don in san lokacin da ya dace in kira ki. Amma in na duba na ga bakwai, sai in ce tana shirya yara. In na ga goma, tana wurin aiki. In na ga ɗaya, tana cin abinci. Kin dai san tarbiyyar Baba, wanda in ya kai wa mutum agogonsa ya ji motsin cokali a cikin gida, sai ya tsaya a waje har a gama. Kada a dami mutane, haka ya raine mu. Ni kuma na riƙe abin har ya zame mini ciwo.

Makon jiya maigidanki ya kira ni, agogon hannunsa ne yake tsayawa. Muna cikin magana yake ba ni labari cikin raha, wai akwai wani agogo a kicin ɗinku da ya yi gaba da awa biyar, baƙi su gan shi su zabura suna neman takalmansu, kuma kin hana kowa ya taɓa shi. Ya ce yakan gan ki kin dube shi, kin ɗauki waya, sai ki ce Yaya yana kan aiki, ko Yaya yana hutawa, ki mayar da ita. Na yi dariya har da tari. Da muka yi sallama kuwa na kifa kaina a teburin Baba na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a ranar jana'izar Antinki. Ashe wata bakwai muna zaune kowa da agogon ɗan'uwansa a bango, kowa yana yi wa ɗaya kara.

Don haka ga roƙona. Kada ki aiko mini da magani, kada kuma ki fara zancen in tattara in koma wurinku. Ki dame ni kawai. Ki kira ni ko gilashi yana idona, ki kira ni ko loma tana bakina, ba wani aikin da nake yi da ya fi muryarki. In na ce miki lafiya lau, kada ki yarda, ki sake tambaya. Ni ma ranar Asabar da ƙarfe goma na agogon Baba zan kira ki. Na san lokacin wankinki ne, da gangan na zaɓa. Ki bar kayan su jiƙa.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa batir ne kawai, kada ya bari a buɗe masa cikin agogon. Ki gaishe mini da yaran, takwarana da Ƙaramar Hajiya, Allah ya yi musu albarka. In takardar nan ta riga Asabar isowa, ba sai kin jira ba. Wayar tana nan kan tebur, na ƙure mata ƙara.

Ni ne yayanki mai kewarki,
Mai gyaran agogo