Takardun Malam Ina-Hujja

Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar taki? Allah ya sa kumburin ya sauka. Ni lafiyata ƙalau, har ƙiba nake yi tun da aka ɗora ni a kujerar shugabar tsangayar shari'a.

Ina da labari mai daɗi. Kin tuna Malam Ina-Hujja, mai koyar da dokar shaida? Wanda ya tsayar da ni awa biyu cur a gaban ɗalibai ɗari biyu don na kasa amsa tambaya ɗaya, ina da cikin babbar 'yata wata takwas? Ke kika gasa mini ƙafafu ranar. To, har yau yana nan, da kwat ɗinsa mai gwiwar hannu a goge, kuma har yau bai zama farfesa ba. Shekara talatin da biyu yana koyarwa, sai yanzu ya tattara rubuce-rubucensa. Jiya ya kawo su ofishina da hannunsa, ya tsaya a bakin ƙofa sai da na ce ya shigo.

Ga yadda abin yake. A jami'armu farfesa yana aiki har shekara saba'in, wanda bai kai ba kuwa a sittin da biyar ake sallamarsa. Saura wa Malam wata bakwai. Sai masu tantancewa biyu daga wasu jami'o'i sun yaba aikinsa kafin ranar, in ba haka ba ya tafi gida a matsayin malam kawai. Ni ce kuma mai zaɓen masu tantancewar.

Na ba shi kujera, na sa aka kawo masa ruwa mai sanyi. Kada ki ce ban da tarbiyya.

Taki har kullum,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Na ji daɗi da kika ce kina takawa ba sanda.

Wa'azinki ya iso, shafi uku. Kwantar da hankalinki, ban ɓoye takarda ba, ban yaga komai ba. Rana ɗaya na aika da su duka. Ta farko ta tafi wurin wata farfesa mai zafin nama, har ta maido da rahoto mai kyau. Ta biyu na aika wa wanda muke kira Farfesa Sai-Gobe. Duk ƙasar nan babu wanda ya fi shi sanin dokar shaida, kwamiti ma yaba mini ya yi da na zaɓe shi. Amma kowa a sana'armu ya san takarda takan yi shekara biyu a teburinsa, ƙarƙashin jaridu da kofunan shayi. Dokar jami'a ta ce a zaɓi gwani. Ba ta ce mai sauri ba.

Ki zo ki ga abokan aikinsa. Farfesan dokar kasuwanci, wanda rabin shekara a jirgin sama yake yinta, ya riga ya leƙa ofishin Malam da yake son gada, ya auna tagar da ido. Na tsarin mulki, mai kuka da hawaye a talabijin kan haƙƙin ɗan Adam, da Malam ya roƙe shi ya sa baki, cewa ya yi ba ya shiga abin da ke gaban kwamiti. Duk su biyun ɗalibansa ne.

Kowace Litinin Malam yakan zo ya tambaya ko an ji wani abu. Nakan buɗe fayil a gabansa, in juya shafuka a hankali, in ce tukuna. Ya rame, kwalar rigarsa ta yi masa yawa. Kin tambaye ni ko ina jin tausayinsa. Na duba zuciyata da gaske, Yaya, ban samu ba.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yafe mini shirun da na yi.

An gama. Ranar Alhamis ta makon jiya Malam ya cika sittin da biyar. Muka yi masa ɗan taron sallama a ɗakin shan shayi, kujeru arba'in, mutum goma sha ɗaya. Ni na yi jawabi, har muryata ta yi rawa inda ya dace.

Da yamma na same shi yana ɗaure littattafai a kwalaye, shi kaɗai. Ya ce tun ranar da ya ji sunan Sai-Gobe ya gane. Wata shida ya yi yana bin dokar jami'a sashe-sashe, yana neman inda na taka don ya kai ƙara. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Ban samu ba," in ji shi. "Ko waƙafi ba ki taka ba. A duk waɗanda na koyar, ke kaɗai kika iya."

Na so ya zage ni, Yaya. Na so ya roƙe ni, ko ya ce ya tuna ranar nan da ya tsayar da ni. Bai ambace ta ba, ya ci gaba da ɗaurin kwalinsa.

Shekaranjiya rahoton Sai-Gobe ya iso, kwana biyar bayan ritayar. Shafi huɗu. Ya ce bai taɓa karanta aiki mai zurfin wannan ba, kuma abin kunya ne a ce mai shi bai zama farfesa ba tun shekara ashirin da suka wuce. Ba a yi wa wanda ya bar aiki ƙarin girma, don haka fayil kawai za a rufe.

Rahoton ba lallai ne Malam ya gani ba. Na sa aka yi kwafi mai kyau, na saka a ambulan, na rubuta "Farfesa" a gaban sunansa, sannan na ja layi ɗaya siriri a kai yadda zai karantu. Direbana ya kai masa har gida. Ya ce matar Malam ce ta karɓa, da ta ga tambarin jami'a ta juya ciki da gudu tana kiran Malam ya fito, an dace.

Ki gaida yara.

Auta