Na ce masa tsakuwa ce, alhali boris ne

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana don Allah, kuma masu saurin yanke hukunci ku bari in kai ƙarshe tukuna.

Ni makanike ne a Wudil, sama da shekara ashirin ina ƙarƙashin mota. Makon jiya wani ɗan gata ya shigo garejina da jar mota irin ta tsere, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ko sallama bai yi ba. Wai bayanta na gurza in ya sha kwana. Na miƙa hannu zan karɓi makulli, sai ya janye, ya ce, "Malam, wanke hannunka tukuna. Ka ma taɓa ganin irinta? An sa mata kwamfuta a Kano ba a ga komai ba, hanya ce kawai ta biyo da ni." A gaban mutane fa! Na haife shi wallahi.

Na haɗiye. Muka zaga da ita hanyar Utai. In ya karya dama shiru, in ya karya hagu sai gurnani daga tayar baya ta dama. Na ɗaga ta a jak, na girgiza tayar, tana rawa a hannuna. Boris ne, ƙarfen da tayar ke juyawa a kansa, ya gama mutuwa, kuma da irin gudunsa wata rana tayar za ta iya cijewa ko ta fice. Wace kwamfuta ce za ta gaya maka wannan? Amma na dube shi na ce, "Tsakuwa ce ta maƙale a birki, za ta faɗi da kanta." Ya yi tsaki ya tafi. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Jiya 'yata da ke jami'a ta zo gida tana ba mu labari ni da uwarta. Wai yayan ƙawarta ne ke kai su Kano duk Juma'a. "Baba, jar mota ce, gudu kamar me! Sai dai in an sha kwana tana wani kuka a baya." Nan take na gane motar yaron nan ce.

In na hana ta shiga, 'ya'yan wasu fa? In na neme shi, in tsaya gaban wannan mara kunyar in ce ƙarya na yi, gobe duk Wudil ta ji, wa zai sake ba ni amanar motarsa? Har yanzu ba na ƙaunar ganin fuskarsa. Amma 'yata a kujerar baya take zama, daidai kan tayar nan, kuma jibi Juma'a.

Me zan yi?