Gashin Bakin Malam Bhanwarlal

Jodhpur

Ƙanena Bhanwarlal,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba?

Kartarku tana cikin akwatina tun ranar bikin Diwali da na fizge ta daga hannun mijina, kuma ban taɓa katin ƙarshe ba. Manya da ku, ku rasa abin sawa a caca sai gashin baki! Shi uban 'ya'yana mahaifinsa ya rasu, ko ya aske ba wanda zai waiwaya. Kai fa? Ka san a Bikaner namiji ba ya aske gashin baki sai ya yi rashin uba. Mijina ya ce ya yarda a soke wasan. Kai ma ka yarda, malamin lissafi.

Yayarka,
Kesar

Bikaner

Zuwa ga Yaya Kesar, fitilar gidanmu,

Bayan gaisuwa mai ƙamshin turare, ƙafar Baba da sauƙi.

Ta yaya ba zai yarda a soke ba? Sai da muka ƙulla alkawari muka baje kati: sarki biyu gare ni, bakwai biyu gare mijinki Ghewarchand. Huɗu na kan tabarma, ba su taimake shi ba. Saura arba'in da huɗu a rufe, ɗaya za a buɗe a cikinsu, biyu tak ke cetonsa, wato sauran bakwai ɗin. Arba'in da biyu dakaruna ne. Shekara ashirin yana kirana ɗan alli a gaban surukai.

Na murɗa gashin bakina sama yana duban rana,
ba aska ce za ta sauko da shi ba.

Ki tara shaidu ki buɗe katin, ki rubuto mini.

Ƙaninki mai biyayya, ban da a wannan,
Bhanwarlal

Jodhpur

Bhanwarlal,

Gaisuwa. Na buɗe a gaban maƙwabta uku. Bakwai ce. Mijina ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, amma ya ce ya yafe maka, ka bar abinka, ka dai daina koya wa yara lissafi. Karɓi, don girman Baba.

Kesar

Bikaner

Yaya mai daraja,

Ina miƙo gaisuwa. Afuwar mijinki na mayar masa, ya ji daɗinta shi kaɗai. Lissafina bai yi kuskure ba. Biyu cikin arba'in da huɗu ma suna da ranarsu.

Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Ya ce, "Sarki biyu? Ni ma da na shiga. Kira wanzami, sakarai."

Da aka gan ni ba gashin baki, aka ɗauka Baba ya rasu. Kafin la'asar unguwa ta cika tsakar gidanmu da fararen kayan makoki ana kuka. Baba da kansa ya fito ya tarbe su, ya sa aka dafa shayi, ya zauna yana tambayar wanda bai zo ba.

Ki dawo mini da kartar. Ki ce wa Ghewarchand ya shafa wa nasa gashin bakin mai, ina nan zuwa baɗi.

Ƙaninki, fuska fayau, kai a sama,
Bhanwarlal