Ƙibar Mutanen Jibiya da Madarar Hajo

Zuwa ga Mai Girma Editan mujallar likitocin da ta buga labarin ƙibar mutanen Jibiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, mai wannan takarda shi ne Farfesa Dakta Alhaji, shugaban masu awon jikin ɗan Adam na yankin iyaka, wanda ya yi karatun sikeli a Ingila har Turawa suka ce ya isa haka nan, ya rage wa na baya.

Na karanta binciken da kuka buga, wato malamin asibitinmu ya karanta mini, don tabarona ya fashe. An ce likitoci sun auna mu, sun tarar arzikin man fetur ya sa mun yi ƙiba, yunwar fari ta wuce. Ranka ya daɗe, ina da gyara.

Na farko, wurin da aka kafa sikelin. Ba a kai shi ƙauyen Kusa ba, ba a kai shi Mazanya ba. A bakin shingen iyaka aka ajiye shi, gindin bishiyar bedi, don nan ne motar likitoci ke samun inuwa. Wanda yunwa ta kwantar ba ya zuwa shinge. Mai ƙarfin kai kaya Maraɗi ne ke zuwa.

Na biyu, kuma nan ne babbar magana. Likitocinku mutanen kirki ne masu kunya, takalmi kawai suka ce a cire. To, wa ke tsallaka iyakar nan da cikinsa kaɗai a ƙarƙashin riga? Mai tafiya yana ɗaure da sukari da sabulu da batir, mai dawowa ya naɗe atamfa tun daga ƙirji har gwiwa. Ga kwastan a tsaye yana kallo, ga duwan, wato kwastan ƙetare, a can gaba. Wa zai ce wa likita ya dakata ya sauke kaya? Kowa ya hau da kayansa, allurar sikeli ta yi ta gudu, likita na rubutu yana jinjina kai.

Na uku, suna ba duk wanda ya hau sikeli alawa, kuma ba su tambayar suna. Na san wanda ya hau da hula, ya dawo da rawani, ya sake dawowa yana ɗingishi. A mujallarku mutum uku ne, duka masu ƙiba.

Da abin ya tsaya nan, da dariya kawai za mu sha. Amma takardarku ta isa ofishin manya, suka ce tunda Jibiya ta ƙoshi, a tsayar da madarar gari da ake ba yara a asibiti. Akwai Hajo, 'yar yayata Rabi ta Mazanya, ba a daɗe da yaye ta ba. Da madarar nan ta fara tsayuwa. Yanzu awarwaron hannunta har kafaɗa yake zamewa. Rabi ta tako tun daga ƙauye da ita a baya, malamin asibiti ya nuna mata kwalin da ba komai, ya ce ba laifinsa ba ne, ilimi ne ya ce sun ƙoshi. Hajo ba ta taɓa hawa sikelinku ba.

Saboda haka ina roƙo. A buga gyara a inda aka buga kuskuren. A dawo da sikeli, a shiga ƙauyuka, a auna yara, a rubuta sunan kowa. Kafin nan a maido da madara. Nan gaba kuma duk wanda ya kawo muku lissafi, ku tambaye shi wa ya auna, a ina, da me a jikinsa.

Allah ya ƙara basira, ya tsare ka da sikelin ranar gobe.

Sauran magana ɗaya. Hoton ƙaton nan da kuka buga, kuka rufe masa ido da baƙin layi, kuka ce shi ne shaidar ƙibar iyaka, duk tasha an gane shi. Ni ne. Ba Farfesa ba ne, Idi ne, karatuna na allo, wannan ma da ajami na rubuta aka juya mini. Mai hula da mai rawani da mai ɗingishi ma duk ni ne. Ku zo ku gan ni ba riga, karan dawa ya fi ni kauri. In kwastan ya karanta wannan, sana'ata ta ƙare, na sani. A dai ba Hajo madararta.

Wassalam.

Idi, tashar Jibiya.