Rana Ta Sake Kayar da Ni

Daren Laraba, watan Rajab, Gozaki

Yau ma zafi ya kayar da ni wajen sharar gona tun kafin azahar. Yaya Sule ya ce in na sake faɗuwa, ɗansa zai karɓi gonar.

Tanko wanzami ya zo da ƙahonsa. "Malam, jini ne ya yi maka yawa." Wai jini! Mutumin da iliminsa bai wuce aski ba. Ya zuƙe ɗan abin da ya rage, jiri ya ƙaru, jama'a na ta yi masa sannu da aiki.

Na lura, ranar da na karya da fura da nono ina kai la'asar. Ranar da na fita da goro kawai, faɗuwa nake. Ko tsufa ne nake ɓoye wa kaina? Na dai ce matata ta dama fura da asuba. Gobe sai Sule ya zo ya gani da idonsa.